Kuskure Ɗaya a Allo, Kowace Safiya

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa. Mai gadin makarantar ya ce shekara goma sha tara yana buɗe mata ƙofa, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa buƙatar agogo ba. Da ya ji ƙarar takalminta a kan tsakuwa, ya san lokaci ya yi da zai kashe rediyo ya ɗauki tsintsiya.

Ajinta shi ne na ƙarshe a layin, kusa da famfo. Aji biyu ne, na yara 'yan shekara bakwai. Tana fara buɗe tagogi huɗu, ta ɗaure ta biyar da waya domin marikinta ya karye tun tuni. Sai ta jiƙa tsumma ta goge baƙin allo, ta jira ya bushe. Daga nan ta ɗauki alli ta rubuta kwanan wata, a ƙarƙashinsa kuma layi uku. Biyu gaskiya ne. Ɗaya ba gaskiya ba ne, kuma ta san da haka.

Bayan wannan sai ta fito da kayan aikinta daga kabad ta jera a kan tebur: gwangwani cike da murafen kwalba, igiya mai ƙulli-ƙulli ta awo, kwano na ruwa, da jan alli guda ɗaya. In yara sun shigo sun gaishe ta sun zauna, ba ta ce musu su buɗe littafi. Takan nuna allon, ta karanta layukan a hankali, ta juyo ta ce, "Kun yarda?"

Daga wannan tambaya ta samo sunan da unguwa ta san ta da shi. Malama Kun-Yarda ta yi ritaya a ƙarshen zangon da ya wuce, bayan shekara talatin da huɗu tana koyarwa, ashirin da bakwai daga ciki a wannan ɗakin. Ba a ba ta lambar yabo ba, ba ta kuma taɓa riƙe wani muƙami ba. Wannan rubutu jinjina ce gare ta, kuma zan faɗi dalili da abin da na gani da wanda shaidu suka gani.

Ƙa'idar ajin mai sauƙi ce. Babu wanda zai kwafi komai a littafi sai an tantance layukan uku. Ba a yarda yaro ya ce "wancan ne kuskuren" ya zauna ba, sai ya nuna yadda ya sani. Ranar da ta rubuta cewa babban abu kullum ya fi ƙarami nauyi, yara sun ɗauko kwalin da babu komai a ciki da ɗan dutse, suka riƙa miƙa wa juna suna gwadawa a tafin hannu. Ranar da ta ce inuwa ta fi tsawo da tsakar rana, sai da suka auna inuwar sandar tuta sau biyu da igiya, da safe da kuma dab da tashi. Lissafi kuwa na murafen kwalba ne. Yawancin kwanaki kafin ƙarfe sha ɗaya an kama kuskuren, wanda ya kama shi ya karɓi jan alli ya ja masa layi, ya rubuta daidai a gefe. Babu yaron da ya taɓa komawa gida da kuskuren a littafinsa.

Na tambaye ta inda ta koyo wannan. Ta ce ba a kwaleji ba ne.

"Shekarata ta uku a aiki, hannuna ya kuɓuce na rubuta sha uku a cire biyar saura tara. Ban lura ba. Da na zo duba littattafai, yara hamsin da huɗu, duk tara suka rubuta. Har da wani yaro da ko daga barci ka tashe shi zai ce maka takwas. Na kira shi na ce, kai ba ka ga kuskure ba? Ya ce, na gani. Na ce, to me ya sa ka kwafa? Ya ce, ai Malama ce ta rubuta."

Ta gyara mayafinta.

"A ranar na gane ba lissafi nake koya musu ba. Ina koya musu ne cewa in babba ya faɗa, ka rufe idonka."

Ba kowa ne ya so tsarin ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Malamin aji uku, wanda shi ke gadar yaranta kowace shekara, ya sha kai ƙara ofis. Da na same shi ya yi dariya ya ce, "Yaranta bala'i ne. Ba ka isa ka ce musu rana daga gabas take fitowa ba, sai wani ya ɗaga hannu ya ce a fita a duba. Wata uku nake yi kafin in saba da su. Amma in gaya maka gaskiya, su ne ba sai na maimaita musu abu sau biyar ba." Wasu iyaye kuma sun yi tsoron kada yara su koyi musu da manya. Amsarta gare su ba ta canzawa: ladabi daban, haɗiye kuskure daban. A ajinta yaro zai ɗaga hannu, ya jira a kira shi, ya miƙe, ya ce, "Malama, da izininki, ni ba haka na samu ba." Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya don ya yi hasashe bai dace ba, shi zai share aji.

Shekara tara da suka wuce, wannan tsari ya kusa cin aikinta.

Akwai wata yarinya a ajin, autar wani mai gyaran waya da ke da shago a bakin titi. Auta kowa ke ce mata, a gida da makaranta. Ta yi zango guda cur ba wanda ya ji muryarta a aji. In an kira sunanta a rajista, hannu kawai take ɗagawa. Wata Talata ta manta abincinta a gida, mahaifinta ya biyo ta da shi wajen ƙarfe tara. Ya tsaya a bakin taga yana neman inda take zaune, sai idonsa ya faɗa kan allo. An rubuta 9 + 6 = 14, da rubutun malama, ɓaro-ɓaro. Bai shiga ba, bai yi tambaya ba. Ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya ba mai gadi abincin, ya koma shago, ya tura hoton a zauren hira na iyayen yara da ke waya.

Kafin magariba hoton ya fita daga zauren. Kafin kwana biyu ya iso teburin jaridar da nake wa aiki. Ni na rubuta layin da aka sa a ƙarƙashinsa: "Ga irin malaman da muka damƙa wa 'ya'yanmu." Ban kira makarantar ba. Hoton a fili yake, na ɗauka babu abin tambaya.

Ofishin ilimi ya aiko mata da takardar tuhuma. Aka cire ta daga aji aka ajiye ta a ɗakin ajiyar littattafai sai an gama bincike. Iyaye huɗu suka janye 'ya'yansu. A kan hanyarta ta gida, samarin da ke zama a bakin shagon aski suka laƙaba mata sabon suna. In ta wuce sai su ce, "Malama Sha-Huɗu, an tashi lafiya?" Takan amsa gaisuwar ta wuce.

Hedimasta mutum ne mai gudun fitina, kuma yana ƙaunarta. Shi da kansa ya ba ni labarin yadda suka yi a ofishinsa.

"Na ce mata, Yaya, don girman Allah ki sauƙaƙa mana. Ki rubuta cewa kuskuren hannu ne, ki nemi afuwa, su ba ki gargaɗi, a rufe fayil. In kika ce da gangan kika yi, ba wanda zai fahimta, cewa za su yi kina kare kanki ne. Saura shekara tara ki yi ritaya. Kina so ki ƙare su kina ƙirga littattafai da ɓeraye?"

"Me ta ce?"

"Ta ce, Hedimasta, in na rubuta haka na yi ƙarya. Kuma wannan ƙaryar babu yaron da zai zo ya ja mata jan layi kafin a tashi."

Ta rubuta amsarta shafi ɗaya, ta bayyana tsarin yadda yake, ta sa hannu. Ofis ya ce za a turo Sufeto, mai duba makarantu, ya gani da idonsa. In ya gamsu, ta koma ajinta. In bai gamsu ba, ta bar allo ke nan har ƙarshen aikinta, kuma takardar ta zauna a fayil.

Edita ya tura ni in ƙarasa labarin da na fara, shi ya sa na shaida abin da ya faru ranar. Sufeton dattijo ne mai furfura, tsohon malami, da tabarau a kan hanci da fayil a hammata. Mai gyaran waya ya zo a matsayin wanda ya kawo ƙara, ya tsaya a tagar da ya ɗauki hoton. Ni da hedimasta muka zauna a bayan aji. Yara hamsin da takwas ne suka zo a ranar. An dawo da Malama ajin na safiya ɗaya don ta nuna yadda take yi, har ta ɗauki alli, sai Sufeto ya ɗaga hannu.

"A'a, Malama. Na yi shekara ashirin a aji, na san yara suna haddace wasa. In kina tsaye za su yi abin da kika saba musu. Ni so nake in ga abin da ke kansu in ba kya nan. Bismilla, ki jira a waje."

Ta ajiye allin. Ba ta dubi yaran ba, ba ta yi musu wata alama ba. Ta fita ta zauna a kan benci kusa da famfo, inda ba ta ganin cikin aji.

Sufeto ya rubuta layi uku. Mako kwana bakwai ne. 8 + 7 = 16. Kaza ƙafa biyu ce da ita. Ya juyo ya ɗaure fuska.

"Ni ne shugaban malamarku, ni ne shugaban hedimasta. Yau babu wasa. Kowa ya buɗe littafi ya kwafa. Maza."

Littattafai suka buɗe. Fensira suka fara tafiya. Na duba agogo, domin abin da aka koya mini ke nan in ban san abin da zan yi ba. Minti ɗaya, biyu. Wasu yaran suna duban allo suna duban ƙofa. Wani yana motsa yatsu a ƙarƙashin benci, ya dubi fuskar Sufeto, ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Hedimasta ya ciro hankici ya goge wuya. A minti na huɗu Sufeto ya buɗe fayil ɗinsa ya cire murfin biro.

A lokacin ne wata 'yar siririyar yarinya a benci na uku ta ɗaga hannu. Sufeto ya yi kamar bai gani ba. Ta ci gaba da riƙe hannun a sama. Da ta ga ba za a kira ta ba, sai ta miƙe, ta taka zuwa teburin malama, ta ɗauki gwangwanin murafe da hannu biyu. A bakin taga na ji mai gyaran waya ya ce, "Auta?" a ƙasa-ƙasa.

"Ke! Wa ya ce ki tashi?"

Ta tsaya cak. Da ƙyar muka ji muryarta daga baya.

"Baba, da izininka, zan ƙirga ne."

"Ba ki yarda da ni ba ne?"

Ta ƙara rungume gwangwanin.

"Ina tambayarki."

"Malama ta ce a ƙirga tukuna."

"Malama ba ta nan."

"Murafen suna nan."

Ta durƙusa a ƙasa a gaban allo. Ta jera takwas a layi ɗaya, bakwai a ƙasa. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Da ta kai ƙarshe sai ta koma ta sake daga farko.

"Baba, sha biyar ne."

Sufeto ya sunkuyo ya dube ta ta saman tabarau. "Na girmi babanki. Na yi karatun da malamarku ba ta yi ba. Na ce miki sha shida ne."

Na ga idonta ya cika da ruwa. Ta sa hannu biyu ta tura murafen a kan siminti har suka taɓa takalminsa.

"To, Baba, ka ƙirga."

Dattijon ya miƙa wa hedimasta fayil, ya tattare rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ƙirga da ƙarfi, yara suna bin sa. Da ya ce sha biyar, babu sauran murfi a ƙasa. Ya miƙe ya ɗauko jan alli ya ba ta. Hannunta bai kai wurin ba, sai da ya jawo mata kujera ta taka.

Ana cikin haka wata mai giɓi a bencin gaba ta ɗaga hannu.

"Baba, da izininka, na ukun ma ba kullum ba ne. Kazar maƙwabtanmu ƙafa ɗaya ce da ita, babur ne ya take ta."

Sufeto ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce wa hedimasta, "Je ka kira mini matar nan kafin su kore ni daga aiki."

Da Malama ta shigo aka gaya mata abin da ya faru, ban ga ta yi murna yadda na zata ba. Ta dafa kan Auta sau ɗaya, sannan ta bi benci-benci tana duba littattafai. Da ta gama ta ce, "Talatin da tara sun kwafa." Sufeto ya ce ai wannan ba laifi ba ne, shi ya tsorata su. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai duk wanda zai gaya musu ƙarya a duniya da tsoratarwa zai zo. Akwai sauran aiki."

Mai gyaran waya ya same ta a baranda, hularsa a hannu. Ya fara ba da haƙuri, kalmomin suna sarƙe masa.

"Malama, wallahi ni na ɗauka..."

"Baban Auta, hotonka gaskiya ne, haka na rubuta. Abin da ya rage kawai shi ne ka tsaya zuwa sha ɗaya."

"Yarinyar nan ko a gida sai an yi da gaske take magana."

"Tana magana. Jira take ta tabbatar."

Sai ta juyo gare ni. Hedimasta ya riga ya gaya mata ko ni wane ne. Babu fushi a fuskarta, irin kallon da take yi wa ɗan aji biyu ne.

"Ɗan jarida, da ka rubuta cewa ban iya lissafi ba, ta yaya ka sani?"

Mun buga gyara a mako na gaba, amma gyara bai taɓa zuwa inda ƙarya ta je ba. Har yau akwai masu ce mata Sha-Huɗu, ba su san ƙarshen labarin ba.

Rahoton Sufeto ya mayar da ita ajinta, da sharaɗi ɗaya: ta riƙa tara iyaye a farkon kowace shekara ta bayyana musu tsarin. Ta karɓi sharaɗin, ta kuma ce da tun farko ta yi haka da ba a kai nan ba, wannan nata kuskuren ne na gaske. Daga cikin iyaye huɗu da suka janye yaransu, uku sun dawo da su.

Malama, ke ce wadda kika yarda a ɗauke ki jahila a bakin titi, a kan ki koya wa yaro ya haɗiye abin da idonsa ya ƙaryata. Ke ce kika gane cewa ɗan shekara bakwai ba buhu ba ne da ake ɗura wa hatsi a ɗinke baki. Malamai da yawa suna so a ce sun san komai. Ke kin yi shekara talatin kina tsayawa gaban yara kowace safiya don su kama ki, kuma in sun kama ki, ke kike fara tafawa.

Amfanin irin wannan aiki ba ya fitowa a takardar sakamako, sai an bi mutanen. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zauna a bencin ajin nan shekaru ashirin da suka wuce ta gaya mini cewa ta taɓa ganin adadin magani a katin wani jariri, ya yi mata yawa. Babban likita ne ya rubuta, ita kuwa wata shida da fara aiki. Ta sake lissafawa sau biyu, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ta ce, "Sai na ji bakina ya ce, Likita, da izininka, ni ba haka na samu ba." Likitan ya duba, ya gyara, ya yi mata godiya.

Auta kuwa yanzu tana ajin ƙarshe na sakandare, tana taya mahaifinta a shago ranar da babu makaranta. Na same shi yana ƙorafi yana murmushi. "Ta hana ni sakat. In na ce wa mutum batirinsa ne ya mutu, sai ta ce, Baba, ka gwada ko dai ka ɗauka ne? A shagona fa! Rannan na ce mata, to ke ce ogan ko ni? Ta ce, kai ne oga, Baba, amma mitar gwaji ta fi mu sani." Ya girgiza kai. "Sau biyu ta kama ni a wata ɗaya. Da na san haka abin zai zama, da na ɗauki hoton na goge."

Ranarta ta ƙarshe Alhamis ce. Ba ta yarda a yi taro ba sai bayan an tashi, ta ce ranar karatu ce kamar kowace. Wasu iyaye da tsofaffin ɗalibai sun tsaya a tagogi, ni ma ina cikinsu. Ta goge allo, ta jira ya bushe, ta rubuta layi uku. Na farko: 9 + 6 = 15. Mai gyaran waya ya rufe fuska da hula, mutane suka yi ta dariya. Na biyu: Yau ce ranata ta ƙarshe a ajin nan. Na uku: Gizo-gizo ƙafa shida ne da shi.

"Kun yarda?"

Ba su ko ɗaga hannu ba, ƙa'ida ta rushe. Aji duka ya ɗauka: "Na biyu! Na biyu ne kuskuren!"

Ta jira suka yi shiru.

"Ta yaya kuka sani?"

Wani ya ce saboda jiya ma ta zo. Ta ce jiya ba ta shaidar gobe. Wata ta ce saboda kujerarta tana nan. Ta ce kujera ta makaranta ce. Sai wata ƙarama a gefen taga ta miƙe ta ce, "Saboda ba ma so."

"Ni ma ba na so," in ji Malama. "Amma so ba hujja ba ne. Ina za ku je ku duba?"

Suka yi shawara, suka zaɓi mutum uku suka tura ofishin hedimasta. Ya nuna musu takardar ritaya, ya sa yatsa a kan kwanan wata, suka haɗa shi da wanda ke kan kalanda. Sun tafi da gudu, sun dawo a hankali. Babban cikinsu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na biyu gaskiya ne."

Ta bar su suka yi kukansu na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "To, saura biyu. Aiki bai ƙare ba." Suka ƙirga murafe suka samu sha biyar. Suka ja kabad gefe suka sami gizo-gizo a lungu, suka rufe shi da kofin gilashi, suka ƙirga ƙafafunsa hanci a manne da gilashin. Takwas. Ƙaramar da ta ce ba ta so ita aka ba jan alli, ta ja layin tana jan majina. Ƙarfe sha ɗaya saura minti goma ne.

Malama, mun gode. Iyayen da suka fahimce ki sun gode, waɗanda suka fahimce ki a makare ma sun gode, kuma ina cikin na biyun. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutun da kika yi wa aiki, ya sa abin da kika shuka ya riƙa haihuwa a inda ba za ki taɓa ji ba.

Ga sauran malamai, ba sai kowa ya rubuta kuskure a allo ba. Amma kowa yana iya tambayar yaro ta yaya ya sani, ya kuma yi haƙurin jiran amsa. Ga iyaye, in ɗanku ya ce da ladabi shi ba haka ya samu ba, kada ku kashe masa baki. Ku ce ya kawo murafensa, ku durƙusa ku ƙirga tare. Dattijo mai furfura ya yi haka a gaban yara hamsin da takwas, girmansa bai ragu ba.

Gwangwanin ta bar wa sabuwar malamar aji biyu, wata matashiya da ta yi zango guda tana zama a bayan ajin tana kallo. Ba ta yi mata wasiyya ba, ta dai ce murafen ɗari biyu da goma ne, ta ƙirga in ba ta yarda ba. Matashiyar ta ƙirga. Ɗari biyu da tara ne.

Ranar Litinin da aka koma makaranta na bi ta wurin da safe. Mai gadi ya ce bakwai saura kwata ya kashe rediyo ya buɗe ƙofa, sannan ya tuna ta yi ritaya. Na taka zuwa ajin ƙarshe, kusa da famfo, na leƙa ta tagar da aka ɗaure da waya. Akwai layi uku a allo da sabon rubutu, kuma na tsakiyar cewa yake bakwai da huɗu sha biyu ne. Wayata tana aljihu, na bar ta a can. Na nemi wuri a kan benci na zauna, har sha ɗaya.